Barista Yusha'u a Gonar Sajan Manga

"Asabar?! Munira, Asabar ɗin nan mai zuwa?"

"Ita fa. Ko kana da wata a aljihu?"

Yusha'u ya sauko daga kan babur, ya cire tabarau, ya sake mayarwa. Tun daga Zuru ya taho Dabai cikin baƙar kwat, ga rana, ga lakar damina, gumi na bin wuyansa.

"Muni... sanyin idona, ki saurare ni. Ran Asabar ake rufe bitarmu ta lauyoyi. Ranar za a yi shari'ar gwaji a gaban manyan lauyoyin da suka zo daga Abuja. Wanda bai tsaya ba, ba takardar shaida, sai baɗi. Kuma ogana ya rantse ba ya tura mutum Babbar Kotun Tarayya sai da takardar nan."

"Shi kuma Baba ya rantse ba ya ba da 'ya sai da noma, kuma ranar ya sa ka zo gonarsa."

"Wace doka ta ce..."

"Barista! Kar ka fara min a ƙofar gidanmu!"

Idan Munira ta kira shi Barista, to ranta ya ɓaci. 

A faɗi gaskiya, kafin bitar nan Yusha'u yaron kirki ne. Ƙaramin lauya ne a Zuru, shari'ar iyakar gona da ta akuyar da ta ci dawa yake yi a kotun majistare, yana gaida mutane har ƙasa. Sai ƙungiyar lauyoyi ta shirya bita a Birnin Kebbi duk Asabar, don koya wa matasa yadda ake shigar da ƙara da yadda ake tsayawa a kotun tarayya. Karatun ba laifi, ya ƙaru sosai. Amma akwai mutumin da ilimi kan shiga kansa ya tarar da wuri ƙarami, sai ya riƙa tsiyaya ta baki. Tun zuwansa na biyu, ko mai shayi ya ce ba madara sai Yusha'u ya tambaye shi hujja.

Shi kuwa mahaifin Munira, Sajan Manga, tsohon soja ne, ɗan ƙabilar Lelna, wato Dakarkari, gaba da baya. A zamaninsa saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya yi shekara da shekaru yana noma gonar uban yarinya. Sajan ya san zamani ya canza. Abin da ya nema kaɗan ne: mai son 'yarsa ya zo ya sunkuya a gonarsa damina ɗaya, a ga bayansa. An yi noman fari, Yusha'u yana Birnin Kebbi. Yanzu ga maimai, noma na biyu, ya zo.

"Ka shiga ka faɗa masa gaskiya," in ji Munira, muryarta ta yi laushi. "Ka durƙusa ka ce Baba ga halin da nake ciki. Shi ke nan fa, masoyina."

Yusha'u ya gyara wuyan riga, ya yi wani murmushi da bai kwanta mata ba.

"Ki bar min. Abin da aka koya mana makon jiya ke nan."

Ya nufi ƙofar gida. Ta ruga cikin gida ta laɓe bayan zanan da ya raba tsakar gida da inuwar mangwaron da Sajan ke zama. A nan ta tarar da Gwaggo Saloma, yayar babanta wadda ta rene ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta riga ta kama wuri da tiren wake a cinya.

"Matsa can, ɗiyar ga, kin tare min rami," in ji Gwaggo.

Sajan na kishingiɗe a kujerar katako, rediyo a kunne. Yusha'u ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida shi. Har nan lafiya lau. Sai ya miƙe tsaye, ya maƙale maɓallin kwat, ya yi gyaran murya.

"Baba, da izininka, kafin a shiga gundarin magana, ina da suka ta farko."

Sajan ya rage rediyo. "Kana da mi?"

"Suka, Baba. A kan hurumi. Ƙa'ida ce, kafin kowace kotu ta saurari magana, sai ta tabbatar tana da ikon sauraronta. To, golmo al'adar Lelna ce. Ni kuwa mahaifina Bahaushe ne, ɗan kasuwa a Danko. Don haka, cikin girmamawa, wannan zama ba shi da hurumi a kaina."

Munira ta dafe kai. Wake ya zube daga tiren Gwaggo.

Sajan ya kashe rediyon gaba ɗaya. Ya tashi zaune a hankali.

"Wato ni ba ni da iko."

"A fuskar doka, Baba..."

"A gidana. Ƙarƙashin mangwaron da na dasa da hannuna."

"Ba raini ba ne, Baba, ko manyan alƙalai ana..."

"Yaro, ɗiyar da kake so, ta wace ƙasa ce? Ta Abuja?"

"Ta... ta nan ce, Baba."

"To ka ji hukunci! Ran Asabar, in rana ta hito ban ga bayanka a sunkuye cikin dawata ba, kar in ƙara ganin ƙafarka a Dabai! Ka ɗauki huruminka ka tahi da shi Danko ka aura! Fita!"

Yusha'u ya rusuna, bakinsa ya suɓuce. "Yadda kotu ta so."

Takalmin Sajan ne ya raka shi har ƙofa.

Munira ta cim masa yana ta buga babur ya ƙi tashi. Hawaye sun wanke mata fuska.

"Na ce ka faɗi gaskiya! Ko sunan bitar ba ka ambata ba!"

"Ai ba a shiga gundarin magana sai an gama da..."

"Ka kashe ni, Yusha'u! Wallahi ka kashe ni!"

Ya saki babur ɗin. Karo na farko cikin watanni ta ga fuskarsa ta da, ta yaron da ya taɓa tsayawa cikin ruwan sama a kasuwar Zuru yana riƙe mata lema alhali shi yana jiƙa.

"Muni, wata nawa ina haddace dokokin nan... Ina so ki yi alfahari da ni. Ba na so ki ƙare da lauyan akuya."

"Lauyan akuyar na ce ina so," ta ce, ta juya ta shige gida.

Kwanakin da suka biyo baya Munira ba ta ci abincin kirki ba. In ta ce ya zo gona, ta karya masa shekara guda ta wahala. In ta ce ya tafi Birnin Kebbi, ta rasa shi, domin Sajan bai taɓa janye magana ba tun da ta san shi. Sau biyu ta ɗauki 'yar Nokiyarta ta fara rubuta saƙo, sau biyu ta goge.

"Gwaggo, ko in je in yi wa Baba bayani?"

"Ke! Rufe min baki! Yaushe ɗiya ta taɓa tsayawa gaban ubanta tana kare saurayi? So kike a ce ban iya reno ba? Ni dai addu'a nake miki a coci, ke kuma ki dage da taki a sallah. Cikin biyun dai a dace."

Ran Asabar da sassafe suka ɗauki kunu da ruwa suka bi Sajan gona. Munira na tafiya tana waige. Hanya fayau, ba kowa.

Ashe ya riga su.

Can tsakiyar dawa suka hango wani abu baƙi a duƙe. Yusha'u ne, da wandon kwat an naɗe shi zuwa gwiwa, da farar singileti, da takalmi ƙafa-ciki wanda laka ta riga ta cinye. Hauyar hannunsa sabuwa ce fil, ko takardar farashi ba a ɓamɓare daga ƙotar ba.

Munira ta ajiye tulun kunu don kar ya faɗi. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

Sajan ya dube shi sama da ƙasa. Ya zauna a gindin ɗorawa ya harɗe ƙafa kamar mai duba fareti.

Noman dai, a yi shiru kawai. Ciyawa ɗaya sai Yusha'u ya sare ta sau uku, ita tana nan, dawar kusa da ita ta kwanta. In ya kai ƙarshen layi sai ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, ya rusuna wa Sajan, sannan ya juya. Kafin hantsi ya ɗaga, tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe. Ya yage bakin singileti ya ɗaure, ya ci gaba. Bai yi Turanci ko ɗaya ba.

"Manga, ka tsayar da yaron ga," in ji Gwaggo. "In ya kai azahar, bana sai mun sayi dawa."

"Bar shi. Raggo ne, amma ya zo. Da can ai ya fi son zuwa Birnin Kebbi cin shinkafar otal da manyan mutane."

Maganar ta soki Munira. Ta dubi Yusha'u, ta ga jini ya ɓata tsumman hannunsa. Ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta zare mata ido. Duk da haka ta je gaban mahaifinta ta zube a kan gwiwa.

"Baba... ka yafe min, zan yi rashin kunya."

"Munira!" in ji Gwaggo.

"Ba cin shinkafa yake zuwa ba, Baba! Karatu yake yi! Kwas ne na ƙarin girma, don ya riƙa tsayawa a babbar kotu. Yau ne jarrabawar ƙarshe, bayan azahar... ya bar ta ya zo nan. Saboda ni! Shekara guda ya zubar, Baba!"

Ta fashe da kuka, ta jira mari.

Marin bai zo ba. Sajan ya miƙe tsaye, idanunsa sun yi ja.

"Kwas?" ya ce. "Kwas na ƙarin girma? Yau?"

"Eh, Baba..."

"KAI! BARISTA! ZO NAN DA GUDU!"

Yusha'u ya yar da hauya ya taho yana ɗingishi.

"Gaskiya ne yau kake da jarrabawa?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Ka gudu daga kwas?! Wa ya ba ka izini? Mi ya hana ka faɗa min ran nan?"

"Na... na ga kamar ba a kai wurin ba, Baba. Muna kan hurumi."

"Hurumin uwaka!" Sajan ya kama kai da hannu biyu. "Saloma, kin ji sakarai? A soja wanda ya gudu daga kwas gadurum ake kai shi a kulle! Ni nan da kake gani, zazzaɓi ya hana ni zuwa kwas ɗina, waɗanda muka shiga tare suka wuce suka bar ni, har na aje kaki ina sara musu! Kai da lafiyarka ka zo kana kashe min dawa!"

"Baba, ka ce in ban zo ba..."

"Na ce! Kai kuma ba ka da bakin roƙo? Da ka ce Baba a ɗaga min, gonar gudu za ta yi? Ba a koya muku neman a ɗage zama ba?"

Yusha'u ya sunkuyar da kai. "An koya mana, Baba. Mako na uku."

Gwaggo Saloma ta yi dariya har ta zauna a kan tulun ruwa.

Sajan ya dubi rana, ya dubi hanya. Ya ruga ya jawo tsohon babur ɗinsa daga inuwa, ya buga sau ɗaya ya tashi.

"Hau! In muka samu motar farko a tashar Zuru, ka isa. Ina baƙar rigar da hular gashin?"

"Suna ofis, Baba."

"Mu biya. Kuma ka ji da kyau, in ka faɗi jarrabawar ga, ba ni ba kai. In ka ci, Asabar ta sama ka dawo ka tada duk dawar da ka kwantar!"

Yusha'u ya haye baya, laka har gwiwa. Ya waiwayo ya dubi Munira, idanunsa cike da ƙwalla.

"Muni... rabin raina, na gode. Ke ce lauyan, ba ni ba."

"Ka riƙe Baba da kyau," ta ce tana share fuska da gefen mayafi. "Kuma don Allah kar ka yi masa magana a hanya!"

Babur ya zabura ya hau turba. Maƙwabcin gonarsu ya ɗago daga nomansa, ya ga Sajan ya bar aiki da hantsi, abin da ba a taɓa gani ba.

"Sajan, lafiya? Ina zuwa haka?"

Sajan bai ko rage gudu ba. Muryarsa ta fareti ta ratsa gonakin duka.

"Surukina zan kai tasha!"

Munira ta daskare a inda take.

"Gwaggo... kin ji abin da ya ce?"

"Ni da Dabai duka mun ji," in ji Gwaggo Saloma. Ta miƙe, ta ɗaure zane, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, har tsuntsaye suka watse daga kan ɗorawa.

Yusha'u ya isa Birnin Kebbi ana gab da kiran sunansa. Ya tsaya gaban manyan lauyoyi da baƙar riga a sama, busasshiyar laka a ƙasa, hannu ɗaure da tsumma. Ya yi magana gajeriya, a sarari, ba kumbura, ya karɓi takardarsa. Bayan an yanke dawa aka ɗaura aure a Dabai. Dawar ba ta yi auki ba a wannan shekara, kuma duk wanda ya tambayi dalili, Sajan Manga kan nuna ango da baki ya ce lauyan kotun tarayya ne ya yi masa maimai.