Aron Kyalla

Ba a bakin rijiya suka haɗu ba, ba kuma a gidan biki ba. Masu yawo da wannan magana a Dakoro ƙarya suke shirgawa, kuma sun san kansu. A shagon Yazidu suka haɗu, nan kusa da tasha, inda ake buga takardu ana hayar ordinater, wato kwamfuta, da rana tsaka, ƙofa a buɗe, kowa na gani.

Azara ɗiyar Agali ce ke buga wa mutane takardu a shagon tun da ta gama lise, wato sakandare. Ran nan ta ɗago ta ga wani saurayi ya dafe kai gaban ordinater kamar wanda aka yi wa rasuwa. Harisu ɗan Zakiru ne, manomin gero, da kantar hauya a tafin hannunsa. Wasan taurari yake yi, wanda ya kama samarin gari. A ba ka ƴar duniya can cikin sama, ka haƙo ƙarfe, ka ƙera jirage, ka ci yankin wasu ko su ci naka. Aibin wasan ɗaya ne. Da zarar rezo, wato layin intanet, ya yanke, jiragenka sai su tsaya cak kamar gumaka, mai rezo mai ƙarfi ya zo ya ƙone su. A Dakoro kuwa wa ke da rezo mai ƙarfi in ba Jafaru ba, ɗan babban ɗan kasuwa, wanda aka kafa wa farantin satelit a kan rufin gida? Shi ya share jiragen Harisu ƙaf.

Azara ta leƙo ta bayan kafaɗarsa ta ce ai ko rezo bai yanke ba sai an ci shi, wa ke baza garke haka, manya gabas ƙanana yamma? Ya juyo zai yi faɗa, ya ga fuskarta, faɗan ya bi iska.

"Ke ma kina yi?"

"Na fi ka jirage. Yanzu kam kowa ya fi ka."

Ya yi dariya, irin ta wanda ba shi da sauran abin asara. Ita ma ta yi, ta ja gyale ta rufe baki.

Washegari ta tura masa Kyalla. Kyalla uwar jirage ce, ita ke fitar da ƙanana. Ita Azara ta fara ƙerawa a wasan, ta sa mata sunan saniyar kakarta. Ba ta ce masa komai ba, don a gidansu ba a cewa. Makiyayi in fari ya share masa garke, ɗan'uwansa sai ya koro masa karsana. Nonon nasa ne, abin da ta haifa nasa ne, amma uwar amana ce, ranar da ya tsaya da ƙafarsa zai mayar da ita. Ba a gindaya sharaɗi, gindayawar zagi ne. Da wannan Azara ta tashi, ta ɗauka duk ɗan Adam ya san haka.

Daga nan waya ba ta ƙara hutawa ba.

"Makiyayiyata, ina gona, hauya a hannu, hankalina na shagon Yazidu. Yau na sare gero na bar ciyawa. Laifinki ne."

"Manomi, kada ka ɗora mini. Ka kula da geronka, ka kula da Kyalla. Ni Allah na kula da ni."

"To in na kula da su duka biyun, za a ba ni ta uku?"

"Ta uku tana da uba. Ka san ƙofar gidanshi."

Ya sani kuwa. Kafin gero ya fitar da kai ya tura baffansa wurin Agali neman aurenta. Agali ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi shayi har zagaye na uku, sannan ya ce a'a. Agali ya daɗe da zama a gari, amma shanunsa suna can Roumbou wurin ƙannensa, zuciyarsa ma can take. Ya ce ba shi da abin faɗa kan yaron, sai dai manomi in ya kalli dabba taki da nama yake gani, wanda bai san amanar dabba ba kuwa ba zai san amanar mace ba.

Mutanen Jafaru su ma sun zo, da mota. Agali ba mai tilas ba ne. Ya kira Azara ya ce mata suna son amsa da an sa gero a rumbu. In ba ta so, shi ke nan. Amma ɗan Zakiru sai ya ga abin da zai kwantar masa da rai.

"Na tsaya mishi, Baba. In ka same shi da cin amana, ni da bakina zan ce na bar shi."

Ya dube ta ya ce ya ji, kuma ya riƙe.

Ana tsakiyar girbi masu wasan suka sako babban gyara, wanda yara ke kira mizajur. Shagon Yazidu ya cika har waje. Gyaran gyara ne na gaskiya. Yanzu kana ba jiragenka umarni tun da wuri, ko rezo ya yanke sai su ci gaba da tafiya, su kare kansu, su koma gida in abin ya fi ƙarfinsu. An sa musu ƙishirwar mai, ba mai tsallake rabin sama ya faɗa wa mutum sai ya kafa zango-zango a hanya. Wasan ya yi sauƙi, ko tsohuwar waya tana ɗaukarsa. Aka kuma ƙaro wani abu: kana iya narkar da tsohon jirgi ka ƙera sabo da ƙarfensa. Samari suna ta tafawa, sun ce yau talaka ya samu kansa, farantin Jafaru ya koma na shanya kuɓewa.

Azara ma murna take. Ta buɗe wasan don ta gaida Kyalla kamar yadda ta saba, ta duba garken Harisu sama da ƙasa. Babu Kyalla.

Jafaru na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a yatsa. A safiyar nan jiragensa sun ƙare da mai a tsakiyar hanya, yara sun yi masa dariya, yana neman wanda zai sauke wa haushi. Ya ce mata kada ta wahalar da idonta, manominta ya jefa uwar a wuta tun ɗazu, kowa ya gani. Ya ƙara da cewa ya riga ya shaida wa Agali a bakin masallaci, don dattijo ya san irin surukin da ake nema masa. Namiji da gemu, ya kwashi zancen wasa ya kai bakin masallaci. Har yau wasu na cewa kishi ne na so. Ba so ba ne, mugunta ce tsirara.

Wayarta ta yi ƙara.

"Makiyayiyata, duba abin da na ƙera miki. Ta ninka Kyalla girma da gudu. Taki ce, na tura miki. Ki ce na yi ƙoƙari."

Ta karanta har ƙarshe. Ba ta amsa ba.

"Azara, kin gani?"

"Mi na yi? Ki zage ni ma, kada ki yi shiru."

Ta kife wayar. Masu cewa ta yi kuka kan jirgin da ba a iya taɓawa da hannu ba su san abin da suke faɗa ba. Maganar ubanta ce ta ga ta fito tiryan-tiryan, ga kuma alkawarin da ta ɗauka da bakinta. Da ta koma gida Agali ya tambaye ta ko gaskiya ne. Ta so ta ce wasa ne kawai. Harshenta ya ƙi, don ta san ba da wasa ta bayar ba. Ta ce gaskiya ne. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce to, maganar tana wurinta.

Kwanaki ta yi tana buga takardun mutane da kurakurai. Harisu ya zo shago ta shige ciki. Rumbuna kuwa sai cika suke yi.

Ran nan bayan la'asar ta ji sallama a ƙofar gida. Harisu ne, daga gona ya biyo, da ƙaiƙayi a wuyan rigarsa, ba baffa ba aboki. Ta laɓe bayan zana. Ya durƙusa nesa da tabarma. Agali bai ce ya matso ba, bai ɗora shayi ba.

"An ba ka uwa, yaro. Ina take?"

"Na narkar da ita, Baba."

"Da izinin wa?"

Harisu ya ce ba da izinin kowa ba. Ya ce bai zo ya wanke kansa ba, amma a bar shi ya faɗi abin da ke ransa lokacin da ya yi.

"Mu a gidanmu, in anka ba ka aron iri, ba ka ajiye shi. Binne shi kake, ya ruɓe. In kaka ta yi ka kai wa mai shi abin da ya fi nashi. Wanda ya maido irin yadda anka ba shi, raggo ne, ya wulaƙanta mai bayarwa. Ni iri na ɗauka ta ba ni."

Agali ya ajiye carbinsa. Azara ta ga kafaɗarsa ta ɗan sauka.

"Iri ba shi da suna," in ji shi. "Saniya tana da."

"Yanzu na sani, Baba. Ban san shi da arha ba."

Agali ya kira Azara ba tare da ya waiga ba, ya san tana nan. Ya ce abinta ne aka taɓa, ita ta tsaya wa yaron, ita ke da magana. Ta fito ta durƙusa gefen ubanta. Ta dubi Harisu ido cikin ido ta ce ba girman jirgi ta nema ba, bakinsa ciwo yake da bai tambaye ta ba? Ya ce so ya yi ya ba ta mamaki. Ta ce ya ba ta kuwa. Ta tambaye shi ko in ta shiga gidansa haka zai kama akuyarta ya kai kasuwa ya sayo mata babba, ya zo yana jiran godiya.

"Ko allurarki ba ni taɓawa sai kin ce."

"Ba rantsuwa nake so ba, Harisu. Tambaya nake so."

"To na tambaya. Kina so na har yanzu?"

Gaban uba aka yi mata wannan tambaya. Ta sunkuyar da kai, ta juya ga Agali ta ce bai ci ba, bai sayar ba, bai ɓoye ba, kuma ya zo da ƙafarsa. Wauta ce ya yi, ba cin amana ba, wauta kuwa tana jin magani. Ta ce in Baba ya ga cin amana ne, tana kan alkawarinta.

Agali ya jawo ƴar butar shayi ya ɗora kan gawayi.

"Matso kan tabarma, ɗan Zakiru. Gobe ka ce da mahaifinka ya zo."

An ɗaura aure da aka gama sa gero a rumbu. Ƙannen Agali suka koro mata karsana daga Roumbou, dangin Zakiru suka jera dammunan gero har suka tsere wa danga. Jafaru bai zo ba, ba kuma wanda ya tambaya. Sabon jirgin Azara ta karɓa, tana tuƙa shi, amma har yau ba ta sa masa suna ba, Harisu kuwa bai taɓa cewa ta sa ba.

Masu cewa da wasan waya aka saye ɗiyar Agali su ji tsoron Allah su mayar da bakinsu inda suka ɗauko shi. Yarinya ta bi ta ƙofa, ta tsaya kan maganarta gaban ubanta. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa garke da rumbu su cika a gida ɗaya, ya ba su zuriya mai tambaya kafin ta taɓa abin wani. Amin.