Jar Ƙura a Ƙirjin Riga

Da hantsin Asabar aka kira Sufeto Alkasim wani sito kusa da filin jirgin sama na JFK. Sanyin Janairu ya daskarar da bututun ruwan wurin.

Abena, manajar siton, ta buɗe masa akwatin katako.

"Kayan ginin tsohon ɗakin bauta ne na Kambodiya, za a mayar musu. Ga jan bulo. Ga marmara, da ita suke tushe da katanga. Dutsen yashi mai sassaƙar fuska, shi ne babu."

An sami zanen yatsun maigadi Souley, dattijon Damagaram, a jikin akwatin. In aka ɗaure shi, aiki ya tafi, takardun zamansa sun bi.

"Baba, ka buɗe akwatin nan?"

"Ban taɓa ba, yallaɓai."

Alkasim ya juya tafin hannun tsohon. Ja a ƙarƙashin farce.

"Wannan fa? Lalle ka sa?"

Souley ya sunkuyar da kai.

"Ruwa ya ƙafe. Taimama nake yi da marmarar nan. Irin marmarar garinmu ce sak. Kunya na ji a ce na yi da dutsen gidan gumaka."

"Yaushe rabonka da ita?"

"La'asar, jiya. Fuskar nan tana kallona, sai na ɗora marmarar a kanta."

Alkasim ya rungumo marmarar ya sauke. Nauyi gare ta. Ya dubi kwat ɗinsa, ƙirjin ya yi ja. Duk wanda ya ɗauke fuskar, sai da ya fara rungumar marmarar nan.

"Wa ya zo bayan la'asar?"

"Direbanmu, sunansa Tsoho," in ji Abena. "Daga masallaci ya biyo ɗaukar mota."

A unguwar Tremont suka same shi yana cin wake da shinkafa.

"Maigida, ni ko ƙofar siton ban taka ba. Kamo maigadin mana!" in ji Tsoho.

"Ina rigar Juma'arka?"

Farar shadda ce, tana cikin kwandon wanki. Daga wuya zuwa ciki jar ƙura.

Tsoho ya ajiye cokali.

"Wani dillali ne ya zuga ni. Dutsen yana but ɗin mota, cikin bargo. Ko ƙwarzane bai yi ba."

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi.

Ran Litinin Abena ta sa aka gyara famfo, Souley ya dawo aiki. Kafin a buga wa akwatin ƙusa, ya dafa marmarar da jiƙaƙƙen hannunsa na alwala.

"To, 'yar gari," ya ce. "Ki gaida gida."