Rigar Wilfrido

Da yamma lis Wilfrido ya zo gidana a Cartagena, yana ta fara'a. Shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, don haka muke kiran juna kompa, kuma ba na ce masa a'a.

"Kompa, naɗin ƙyallen gaban jirgi ne yake cijewa. Minti goma ka gama, na saya maka soyayyen kifi."

Muka shiga kwalekwale zuwa jirgin da yake tuƙawa, irin mai ƙyalle da iska ke turawa. A hanya ruwa ya jiƙa ni, ya tuɓe jar rigarsa ya miƙo mini. Na sa, har na ji daɗi, ni sakarai.

Aikin ba wuya ga makanike irina. Famfo ne a baya yake tura mai ta tiyo zuwa goshin jirgi, man ya juya ƙarfen da ke naɗe ƙyallen. Doka ɗaya muke da ita: mai sa hannu a gaba shi zai rufe bawul ya cire hannun bawul ɗin ya sa a aljihu, na baya kuma ya tsaya inda ake ganinsa. Tun da aka ce Eleuterio, makanikin jirgin na da, ya faɗa ruwa ya mutu bara, ba mai wasa da wannan.

Na rufe, na sa a aljihu. Na durƙusa a goshi da sifana, na zura hannu tsakanin igiya da ƙarfe. Rana ta faɗi. Iska ta ɗauke.

Sai warin ƙonannen mai ya buge ni.

Sai famfo ya fara gurnani.

Na shafa aljihu. Hannun bawul yana nan.

"Wilfrido, bar wasa!"

Can nesa na ji filafili yana taɓa ruwa a hankali. Na waiga. Wilfrido ne a kwalekwale, ya ba ni baya, yana tuƙi kamar ɓarawo.

Amma akwai mutum tsaye a wurin maɓallin famfo. Ruwa yana ɗiga daga jikinsa. Hannunsa na dama a murɗe yake kamar wankin da aka matse.

Ƙarfe ya juya. Ƙyalle ya kama rigar, ya ja ni. Na ji yatsuna sun yi ƙas.

Murya ta zo dab da kunnena, sanyi ƙalau.

"Na ce maka kada ka danna, kyaftin. Na ce hannuna na ciki."

"Eleuterio," na ce da kyar, "ni ne Nicanor. Dubi fuskata."

Famfo ya tsaya. Na ji numfashi a wuyana, mai warin laka.

Na zaro wuƙa da hagu, na yage rigar, na faɗa ruwa.

Masunta suka tsamo ni. Yatsu biyu na bari a can, kuma har yau ban sake hawa jirgi da magariba ba. Amma ba yatsun ne suke ci mini rai ba.

Washegari Wilfrido ya zo asibiti da miyar kifi a kwano. Shekara ashirin muna cin abinci tare. Bai dubi hannuna ba. Ya sunkuyo, ya rage murya.

"Kompa, faɗa mini gaskiya. Ya ɗauka ni ne?"