Rabon Maƙeri

Mina ta faɗo atiliyen walda na Malam Zayyadu ko sallama babu, mayafinta na jan ƙasa, idanunta sun yi jajir. Rana ta take, irin ranar bazarar Arlit da in ka dafa ƙarfe sai ka yi da-na-sani. Kalilu na durƙushe gindin wani tankin ruwa yana walda, bai san ta shigo ba sai da inuwarta ta rufe shi.

Ya ɗage baƙin gilashi daga fuskarsa, ya washe baki.

"Minata... cikin wannan rana?"

"Me ka karɓa jiya a gidanmu?"

"Nama mana. Kan akuya da wuya. Anna mahaifiyarki da kanta ta miƙo mini gaban kowa."

"Ka ci?"

"Har da su Malam muka ci."

Sai ta zube kan wata tsohuwar taya, kuka ya ƙwace mata. Shi ko bawan Allah ya saki baki yana kallonta, don tun jiya ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba saboda murna.

Kalilu ɗan malami ne daga Damagaram. Aikin ma'adini ya kawo shi Akokan da ke gefen Arlit, da kasuwar uraniyom ta faɗi aka rage ma'aikata, ya tsinci kansa yana koyon walda don kada ya koma gida hannu rabbana. Su Mina kuwa Abzinawan Gugaram ne. Fari ya cinye raƙumansu, baƙin ciki ya ɗauke mahaifinta, suka gangaro unguwar Bukoki suka kafa tanti da tabarmi da kwalaye. Tukunyarsu da ta tsage Mina ta kai wa Kalilu gyara, daga nan fa sai tukwanen gidan suka yi ta lalacewa ba dalili, har Malam Zayyadu ya fara tsokanar Kalilu wai ko shi yake bi yana fasa su.

Matsala ɗaya ce. A wajen su Mina ɗiyar masu raƙuma ba ta auren maƙeri, kuma ga Anna, mahaifiyarta, duk mai narka ƙarfe maƙeri ne. Mina ta daɗe tana lallaɓa tsohuwar, tana nuna mata cewa walda neman abinci ne kawai, asalin yaron allo da tawada ne. Kuma wallahi Anna ta fara saukowa, musamman da Kalilu ya yi ta fama cikin zafin nan, a ɗauke kuran, wato lantarki, a maido, har ya haɗa amalanken jaki da tanki daga guntayen ƙarafa, don Akoli yayan Mina ya riƙa kai wa ragowar awakinsu ruwa a bayan gari.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Intala direba, ɗan kawun Mina, da ya nemi aurenta ta ce ba ta yi. Ranar sunan ɗan Akoli sai ya jawo Kalilu da fara'a, ya ce ai ya zama ɗan gida, ya zo ya kama fiɗa da gashin nama. Kalilu ya naɗe hannun riga yana ta rawar jiki. Ina zai san cewa a wajensu wannan aikin maƙera ne? Da aka gama, Intala ya ɗaga murya gaban dattawa ya ce a ba maƙerin gida rabonsa. Mina na can cikin mata, sai da safe labari ya iske ta.

"Ka zama maƙerin gidanmu, Kalilu," ta ce tana sheshsheka. "Shi ake aika, a yi wasa da shi, a ba shi kyauta. Amma ba a ba shi ɗiya."

Da farko dariya ya yi, a ganinsa yaya za a yi kan akuya ya raba shi da mace. Da ya ga kukan nata ba na wasa ba ne, sai ya ajiye kayan aiki, ya wanke hannu, ya bi ta har Bukoki.

Ya durƙusa gaban Anna ya yi rantsuwa bai sani ba. Ya ce zai sayo rago ya mayar, zai bar walda ko da dako zai koma. Tsohuwa ta saurare shi har ya gama, tana murza bakin zanenta.

"Ɗana, ban taɓa ganin mugun abu gare ka ba. Amma raƙuma sun tafi, mai gida ya tafi. Abin da ya rage mini, in na shiga cikin dangi a shimfiɗa mini tabarma. In na ba ka ita da bakina, ita ma an naɗe."

Ya tashi jiki a sanyaye.

Daga nan abubuwa suka yi ta rikicewa. Tawaye ya yi zafi, aka hana ƙera tankuna wai kada su faɗa hannun 'yan tawayen da ke cikin duwatsu, ga shi a bazarar nan ba mai sayen ƙofa ko taga. Malam Zayyadu ya tara yaransa yana hawaye ya sallame su. Akoli ma aka wayi gari ya bi samari zuwa dutse, ya bar mace da jinjiri da tsohuwa, duk a wuyan Mina.

Kalilu ya roƙe ta su tafi Damagaram tare, mahaifinsa ya ɗaura musu aure. Akwai ayarin motoci da sojoji za su raka zuwa Agadas, kuma kowa na faɗin shi ne na ƙarshe, bayan shi sai yadda Allah ya yi da hanya. Mina ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Son shi take kamar ranta, amma duk ta dubi Anna sai zuciyarta ta karye.

Da safiyar tafiya ya hango ta tana ratso tasha da ƙunshi a hannu. Ya diro daga mota da gudu.

"Kin zo, Minata... Na san za ki zo."

Ta miƙa masa ƙunshin, ta kasa kallon idonsa.

"Dabino ne da cuku. Hanya da nisa."

Ya daɗe riƙe da shi.

"Shi ke nan?"

"Ka yafe mini, masoyina. Ba zan iya kunyata ta ba."

Aka busa usur, direbobi suka tayar da motoci. Ya hau yana waiwaye, ita kuma ta tsaya cikin rana har motar ƙarshe ta ɓace mata.

Ta komo Bukoki tana jan ƙafa. Tana ɗaga tabarmar ƙofa ta tarar da Anna zaune, fuska sharkaf da hawaye, tana jan carbi tana ambaton sunan Mina da na Kalilu, tana roƙon Allah ya sauke su lafiya. Tsohuwa ta ɗago, ta zuba mata ido kamar ta ga baƙuwa.

"Me ya dawo da ke?"

"Anna, ke kika ce..."

"Na ce ba zan ba shi da bakina ba. Da kin bi shi, ɗiyata, ba wanda zan aika ya maido ki."

Mina ta juya da gudu, ba takalmi, ƙasa na ƙona mata tafin ƙafa. Ta isa tasha ta tarar sojoji sun riga sun ja shinge sun rufe hanya, masu tallar ruwa na kwashe kayansu.