Wanda Ya Riƙe wa Anghel Kyandir

Wani makiyayin tumaki ne ya ga gawar da sassafe, a kife cikin kwatamin da ke bayan katangar asibitin masu taɓin hankali na Brusteni. Kafin Sufeto Sanda Vornicu ta iso, raɓa ta daskare a gashin mamacin, ma'aikata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofar baya, kowa da irin tagumin da ya iya.

Ba ta buƙaci a faɗa mata sunansa ba. Nea Anghel ne, wato Kawu Anghel, tsohon mai raba wasiƙu, wanda gadonsa ke kusa da na ƙaninta Iancu. Duk Lahadin da ta kawo wa Iancu abinci, sai tsohon ya sara mata, ya tambaye ta ko ta kama ɓarayi a makon.

"Gudu ya yi, sanyi ya gama da shi," in ji mai gadi.

Sanda ta tsuguna. Silifas ɗin tsohon fes suke, alhali taɓo ya cinye nata takalman. Ta ɗago hannunsa na dama. Yatsun a dunƙule suke, kamar na wanda aka ƙwace wa abu, kuma tsakanin babban yatsa da manuni akwai ɗigon kakin kyandir, ruwan zuma, ya bushe a kan fata.

A Brusteni ba tsinuwar da ta kai a ce wa mutum ya mutu babu kyandir. Wanda ya cika babu haske a hannunsa, in ji tsofaffi, lalube zai yi ta yi a duhun can har abada. To amma wanda sanyi ya kashe shi kaɗai a kwatami ba ya kunna wa kansa kyandir. Wani ya tsaya a kan Anghel, ya riƙe masa hannu har ya cika.

Ofishin shugaban asibitin ne kaɗai ɗakin da ke da ɗumi a ginin. Dakta Octavian Lupescu ya tarbe ta a tsaye, idanunsa jajaye, yana sanye da rigar sanyi. Farar rigarsa ta aiki ya yafa ta a jikin bango kusa da ƙofa, ga maratayi kuwa a gefe ba komai a kansa. A tsakiyar tebur akwai ɗan samfurin sabon ginin da aka yi da kwali, har da bishiyoyin soso.

Kowa a gundumar ya san wannan kwalin. Shekara da shekaru majalisar gunduma tana roƙon gwamnati a Bukares, babban birni, tallafin gina sabon asibiti, ana ce mata ta dawo baɗi. Bana dai an sa su cikin waɗanda za a duba, su da wasu gundumomi biyu, tallafin kuma guda ne. Masu dubawa za su zo ranar Alhamis. Ba wanda ya ƙagu kamar Sanda, domin bangon da Iancu yake kwana a jikinsa yoyo yake yi, tarinsa na hunturun bara kuma har yau bai sake shi ba.

"Titus ne mai jinyar da ke aiki jiya," in ji likitan. "Na sha yi masa magana a kan makullin ƙofar baya. Ba na son a kore shi, amma rai rai ne."

"Likita, akwai kakin kyandir a hannun mamacin."

Ya yi ɗan murmushi. "Haba Sufeto. Nan asibiti ne, ba ɗakin kakata ba. Ko ashana ba ma bari ta shiga ɗakin majinyata. Camfin ƙauye ne ya sa rabin mutanen nan suka makara zuwa wurina, sai da aka gama yawo da su wajen limaman coci da 'yan bori."

Haka yake magana kullum, kuma Sanda tana ganin girmansa. Shi ne ya fara kiran Iancu da sunansa maimakon lambar gado.

Ta sami Titus a ɗakin masu jinya, ƙato guda, yana murza hula kamar zai tatsi ruwa.

"Ina makullin ƙofar baya yake kwana?"

"A ƙusar can, ranki ya daɗe, tare da na kicin da na ɗakin wanki. Kowa ya sani."

"Kai kana ina bayan abincin yamma?"

"Ɓangaren mata. Wata ta tayar da ƙayar baya, ni kaɗai ne a kan ɓangare biyu. Da na dawo na ga bargon Nea Anghel a tudu, na ɗauka yana ciki."

"Kun taɓa samun saɓani da shi?"

Titus ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Ba da ni yake rigima ba, da ɗakin ƙasa yake yi."

"Wane ɗakin ƙasa?"

"Kusa da tukunyar ɗumama gini. In mutum ya birkice, ba hannun da zai riƙe shi, can ake ɗaure shi a gado har ya huce. An kulle ɗakin saboda baƙin da za su zo dubawa, an jera buhunan dankali a ƙofar. Nea Anghel ya rantse sai ya ja baƙin da hannunsa ya nuna musu." Ya ƙara da cewa, "Shi ne yake satar jiki ya sassauta wa Iancu ɗaurin, in an kai shi."

Sanda ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Ba wanda ya taɓa faɗa mata. Ta tuna yadda Iancu yake jan hannun riga ya rufe wuyan hannunsa, ita kuma tana cewa sanyi ne.

"Kai ka kunna masa kyandir?"

Ƙaton ya miƙe zumbur, tsoron ya koma fushi. "Ni? Ranki ya daɗe, tubabbe ne ni! A cocinmu ba ma kunna wa matattu wuta. Ko mahaifiyata ban kunna mata ba, shi ya sa har yau yayyena ba sa gaishe ni."

Ta san zancen. Rabin garin ya yi tsegumin wannan jana'izar.

A kicin, Tanti Floarea mai dafa abinci tana tuƙa tuwon masara, hawaye na ɗiga kusa da tukunya.

"Wayyo Anghel, bawan Allah! Kamar kare, 'yata, a kwatami, a cikin duhu, ko ɗan haske babu!"

"Ya samu kyandir, Tanti. Na gani a hannunsa."

Matar ta saki muciya, ta yi alamar gicciye, fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir da jika. Wannan ba fuskar da ake ƙirƙira ba ce. Bayan haka ma, motar la'asar take bi zuwa ƙauyensu, direban zai shaida.

"Ashe can kyandir ɗina ya tafi!" in ji ta, tana nuna wani ɗan katako da aka kafa a ƙarƙashin hoton Maryamu. "Na bikin Ista ne, mai albarka. Da safe na duba babu, har na zagi ɓeraye. To Allah ya saka wa wanda ya yi. Allah ya sa dai ya tuna ya rufe madubi a inda ya cika, kada ran ya ga kansa ya ƙi tafiya." Ta ja hanci, ta yi dariya. "Ji ni da shirme. Ina madubi a gidan nan? Tun da wani ya yanke kansa aka kwashe su duka."

"Duka?"

"Sai na manya mana. Ci tuwo, kin rame."

Sanda ba ta ci ba. A tsakar gida wayarta ta yi ƙara. Likitan da ya duba gawar ne: akwai sawun allura a damtse, zuciyar tsohon ce ta tsaya, kuma jinin ya kwanta a bayansa, alamar ya daɗe a rigingine bayan ya mutu kafin a kife shi a kwatami. Tana kashewa wani kiran ya shigo. Shugaban majalisar gunduma ne, muryarsa kamar man shanu.

"Sufeto, ba wanda ya ce a ɓoye komai. Amma mamaci ba ya sauri. Ki bari Alhamis ta wuce. Na ji ma kina da ɗan'uwa a can, ko?"

"Ina da shi, yallaɓai."

"To kin ga."

Ta daɗe a tsaye tana kallon tagar ɗakin su Iancu, wadda aka toshe da kwali. Gaba kura, baya sayaki. In ta yi shiru, Titus zai ɗauki laifin da ba nasa ba, Iancu ya sami ɗaki mai ɗumi. Ta so yin shirun, har cikin ranta ta so.

Dakta Lupescu yana zaune inda ta bar shi. Ta rufe ƙofa, ta tsaya gaban farar rigar da ke jikin bango.

"Likita, iska ta hargitsa mini gashi. Ɗauke rigar nan in duba madubi."

Bai motsa ba.

"Ga maratayi a banza. Ɗauke ta mana."

Ta kai hannu. Sai ya zabura har kujera ta faɗi. "Kar ki taɓa! Ba a binne shi ba tukuna!"

Hali zanen dutse: mutumin da ya yi karatu har ƙasar waje, yana yi wa kakarsa dariya, ga shi yana kyarma a gaban madubi.

"Zauna," in ji Sanda. "Silifas ɗinsa ba taɓo, don haka ɗauko shi aka yi. Kakin hannunsa ya ce ba shi kaɗai ya mutu ba. Titus ba zai taɓa kyandir ba ko da wuƙa a wuyansa. Tanti Floarea tana gida, kuma da ita ce, da ta ɗaure masa haɓa ta tara gari da kuka. Saura wanda ya iya allura, ya kuma san inda makullai suke. A nan ya cika, a kan wannan doguwar kujerar." Ta ture ɗan kafet da ƙafa. Ɗigon kaki ya fito a kan katako, an kankare shi amma ba a gama ba.

Likitan ya rufe fuska da hannu. "Kiran shi na yi in roƙe shi. Na ce ya yi haƙuri zuwa Juma'a, in an yi sabon gini ba za a ƙara ɗaure kowa ba. Ya ce ya gaji da jin baɗi. Ya fara ihu. Na yi masa allura don ya kwanta, na yi niyyar in riƙa yi masa har baƙin su tafi. Na san zuciyarsa ba ta da ƙarfi, amma na ce na kwana kaɗan ba komai. Sai numfashinsa ya canza."

"Ga waya a kan teburinka."

"In motar asibitin gari ta zo, za a rubuta, za a yi tambaya, a gangaro har ɗakin ƙasa."

"Amma ka sami lokacin zuwa kicin."

"Ba zan iya barin sa ya tafi a duhu ba," in ji shi, muryarsa ta koma ta yaro. "Kakata ta ce wanda ya bar mutum ya mutu haka, shi ma haka zai mutu."

"Daga nan zuwa kicin da dawowa, likita, da motar ta kamo hanya."

Ya ɗago kai. Idanunsa suka sauka a kan ginin kwali, sannan a kanta. "Sanda, ki ba ni zuwa Juma'a. Ni da kaina zan kawo kaina. Kin san ƙirjin Iancu. Kina ganin zai ƙara hunturu nawa a jikin bangon can?"

Wannan ce tambayar da take yi wa kanta tun a tsakar gida. Ta tuna cewa shi ma Anghel zuwa Juma'a aka ce ya jira. Ta ciro ankwa.

Masu dubawa sun zo ranar Alhamis kamar yadda aka tsara. Titus ne ya kawar musu da buhunan dankali. Ba su ko zauna cin abincin da Tanti Floarea ta kwana biyu tana shiryawa ba. Kafin wata ya ƙare aka sanar cewa tallafin ya tafi gundumar da ke maƙwabtaka, shugaban majalisa kuma ya daina amsa gaisuwar Sanda.

Ran Lahadi ta zo da bargo mai kauri da robar tarar ruwa. Ta ja gadon Iancu daga jikin bango iya inda wuri ya bari. Gadon kusa da shi an naɗe katifarsa. Iancu ya yi tari mai tsawo, ya bar ta ta naɗe masa hannun riga, ta ga tabon da idonta.

"Yaya, yaushe za mu koma sabon ginin?"

"Ba bana ba, Iancu."

Ya gyaɗa kai, kamar dama ya sani. Ya dubi gadon da ba kowa.

"An ce Nea Anghel ya samu kyandir?"

"Ya samu."

"To madalla." Ya ja sabon bargon har wuya. "Yaya, ki sayo ɗaya ki ba Tanti Floarea ta ajiye mini. Kar a tashi nema a rasa."