Kwandon Da Goggo Uwani Ta Karɓa

"Ni Hajiya guda, ki kwaso ni daga masauki ki nufi coci da ni?"

"Goggo, ba ibada za mu yi ba. Gini zan duba, malaminmu ne ya sa mu."

"Malamin naku bai san ana yin gini a ƙasa ba? Sai a ƙolin dutse?"

Ku matso, ku rage murya. Goggo Uwani ke nan da Shamsiyya, 'yar ƙaninta. Shamsiyya karatun zanen gine-gine take yi a Italiya, Goggo kuwa sarin takalma ya kai ta, irin waɗanda take sayarwa a Kano. Ranar suka hau mota zuwa wani tsohon gari da ke manne a jikin dutse, lungunansa ko jaki biyu ba sa gifta juna. Daga bayan garin wata siririyar hanya ta haura zuwa wani daɗaɗɗen coci da Kiristoci ke kai wa ziyara.

Tun safe Shamsiyya ke haɗiyar takaici. Goggo ta raina taliyarsu, ta raina shayinsu, ta tsaya a kowace kwana tana haki tana tsaki. Har rana ta yi sanyi ba su isa ba. Sai gajimare ya sauko ya kwanta a kan hanya. Tsuntsaye suka yi tsit.

A nan suka cim ma wata tsohuwa. Baƙaƙen kaya. Kwando goye a baya. Ta ranƙwafa har haɓarta na neman gwiwa.

"Ke! Kina kallon tsohuwa da kaya?" in ji Goggo. "Karɓar mata."

"Goggo, nan ba a taɓa kayan mutum."

"Turai ta cinye miki tarbiyya. Matsa."

Ta naɗe mayafinta ta yi gammo, ta ɗan rusuna. "Sannu Iya. Kawo."

Tsohuwar ta ɗago a hankali. Ta ce, "Kawo."

Tsigar jikin Shamsiyya ta tashi. Ba Hausar ce ta tsorata ta ba. Muryar ce. Muryar Goggo ce sak, har da 'yar shaƙewar nan ta mai yawan ciniki.

"Kin gani ko?" in ji Goggo. "Har Hausa take ji."

Tsohuwar da kanta ta ɗora mata kwandon a ka. Nauyi ya danne Goggo. "Wai! Duwatsu take tarawa?"

Suka ci gaba. Suka wuce wani ɗan alkuki a jikin dutse, kyandir na ci a ciki, ga busasshen fure a gefe. Suka yi ta hawa. Sai ga alkukin. Kyandir ɗin. Furen. Wuri ɗaya suke zagayawa. Da suka sake riskarsa, Shamsiyya ta waiga.

Tsohuwar ta miƙe tsaye sambal. Ta juya musu baya. Ta fara gangarawa, hannuwanta na lilo, kamar wadda aka sallama daga aiki.

"Shamsiyya." Muryar Goggo ta yi ƙasa. "Ya ƙi sauka."

Ta turo shi da hannu biyu. Ko motsi. Wuyanta na nutsewa cikin kafaɗa, gumi na zuba duk da sanyin nan. Shamsiyya ta miƙa hannu za ta kama.

"Kar ki taɓa!" Goggo ta buge hannun. "Ba ki gane ba? Wanda ya karɓa shi ke da shi. Me zan gaya wa ubanki?"

Gajimare ya fara haɗiye tsohuwar. In ta ɓace, shi ke nan, Goggo ce mai kwando.

To kun san mai sayar da takalmi, ƙafar mutum take fara kallo kafin fuskarsa. Goggo ta ƙura ido.

"Dubi ƙafarta."

Ba takalmi. Duk faso. Manyan yatsun biyu kuma gefe guda suke kallo.

"Hagu da hagu," in ji Goggo. "Buɗe jakata. Maza."

A cikin jakar akwai samfurin da Goggo ta karɓo a wurin masu ɗinkin takalma. Su kuwa ba sa ba ka ƙafa biyu. Ɗaya suke bayarwa don gwaji, kuma duk na hagu suka ba ta. Shamsiyya ta zaro biyu, ta ɗaga sama.

Goggo, da dutse a ka da komai, ta saki muryar kasuwa. "Hajiya! Zo ki gani, gani ba saye ba! Fata ce zalla!"

Tsohuwar ta tsaya.

"Fata ce zalla," ta maimaita daga cikin gajimare.

Ta dawo. Ba a jin takunta. Ta tsaya dab da Shamsiyya, wani sanyi na fita daga jikinta kamar bakin rijiya. Ta miƙo hannu.

"A'a," in ji Goggo, haƙoranta a datse. "Kayanki tukuna."

Harshen kyandir ya kwanta, ya tashi. Tsohuwar ta dubi hanyar gari. Ta dubi takalman. Ta daɗe tana dubawa.

Sai ta ɗauke kwandon kamar fanko, ta goya, bayanta ya sake ranƙwafawa. Ta zura ƙafa. Suka zauna mata cif. Ta haura, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Goggon da ke haki tun safe ita ta riga Shamsiyya isa gari.

A wani ɗan shagon shayi kusa da tashar mota Shamsiyya ta ba mai shagon labari. Dattijon ya taɓa goshi da ƙirji irin yadda Kiristoci ke yi, ya tashi ya rufe taga. Ya ce tun lokacin da ake gina cocin matar ta yi alkawarin kai dutse da bayanta, ajali ya tare ta a hanya, har yau ba ta isa ba. 'Yan garin ba sa bin hanyar su kaɗai. In sun gan ta ba sa gaisuwa, balle taimako. Ku ma ku riƙe wannan: in gajimare ya sauko a hanyar dutse, kar ku bi ku kaɗai, kuma ba kowane kaya ake karɓa ba.

Shamsiyya ta fassara wa Goggo tas, takaicin yini guda ya taso mata. "Na ce miki kar ki taɓa! Da yanzu kina can kina jigilar dutse har tashin kiyama! Ko a jikinki?"

Goggo ta kurɓi shayin, ta yamutsa fuska, tana murza wuya.

"Ni abin da ke damuna, ɗaya ja kika ba ta, ɗaya baƙi. Yanzu sai ta je tana gaya wa mutane a wurina ta saya."