Darar da Ba Ta Shafuwa

Aike ne kawai Mouna ta yi wa mijinta. Ta zuba tuwon shinkafa da miyar kuka a kwano, ta ɗaure da tsumma, ta ce ya miƙa wa yayanta Nassirou kafin a kira magariba, kuma don Allah kada ya zauna. Wannan jan kunnen na ƙarshe ta yi shi ne don ta san wanda take aure. Mu'azu mahauci ne, haifaffen Agege. A mayanka ana yabon hannunsa, a wurin dara kuwa ana kuka da bakinsa.

Nassirou gadi yake yi a wani sito da ke ƙetaren layin dogo. Daga wajen garin Tawa ya zo da ƙanwarsa, kuma da darar gidansu ya zo. Wasan gado ne a wurinsu, mahaifinsu ya yi, kakansu ya yi, ita kanta Mouna a gefen tabarmar tsohon ta girma tana kallo. Bayan aure Nassirou ya zaunar da surukin nasa ya koya masa. Gurbi talatin ne, layi biyar, shida-shida. Kowa yana da 'ya'ya goma sha biyu, a riƙa zubawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, ba a jera uku ana cikin zubi. Daga nan sai tafiya, taki guda, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci, ya ɗauke ɗan abokin wasa guda. Huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka rage biyu, tasa ta ƙare.

Akwai kuma ƙa'idar gidansu da ba kowa ke da ita ba. Ɗan kallo bebe ne. Wanda ya sa baki, sai mai wasa ya tashi ya ba shi wurin, ya ƙarasa wasan yadda ya same shi. Mu'azu ya sha gadon mataccen wasa ana yi masa dariya, amma hali zanen dutse ne, bai daina ba.

A can gida a ƙasa ake tona gurabun. In an tashi a sa ƙafa a shafe, don tsofaffi sun ce ba a barin dara a buɗe, wani zai zo ya zauna. To amma Agege ina ƙasar take? Inda ba siminti ba, caɓi ne. Ranar da masu siton suka sa aka yi daɓe a bakin ƙofa, Nassirou ya jira magina suka ba da baya, ya ɗauki kwalba ya danna gurbi talatin a ɗanyen siminti. Da ya bushe har kiran mutane yake yi su zo su gani, wai ya huta da tono. Ba wanda ya ga laifinsa. Mutum yana tsakiyar Legas, ga haya ga cunkoso, maganar tsofaffin ƙauye ba ta faɗo masa a rai.

Mu'azu ya ratsa ta bakin titi da kwanonsa. Kwandastocin motocin haya na danfo suna ta kiran fasinjojin Oshodi, hayaƙin janareta ya gauraye da ƙamshin burodi da warin lambatu. Ya tsallake layin dogo, ya shiga lungun da ke kaiwa ga siton. A nan hayaniyar ta fara ja da baya, tun yana jin hon ɗin motoci har ya koma jin takun silifas ɗinsa kaɗai. Karen siton, wanda kullum shi ke fara tarbar tuwo, yana ƙarƙashin wata matacciyar mota ya cusa kai tsakanin ƙafafu.

Sai hancinsa ya kama warin jini. Wanda ya girma a mayanka ba a ruɗa shi da wannan. Ba na sa ba ne, ba na akuya ba.

Nassirou yana zaune a bakin darar, ya ba shi baya. A gabansa akwai wani mutum dogo da riga mai launin ƙasa, ya ja rawani har ya rufe fuska. Mu'azu ya yi sallama, ba wanda ya amsa. Bai damu ba, 'yan dara ko gobara ake yi ba sa ɗaga kai. Ya ajiye kwano, ya dafa gwiwa, ya leƙa.

Murafun kwalba su ne 'ya'yan Nassirou, kuma bakwai suka rage. Na baƙon ba duwatsu ba ne, wasu 'yan ƙasusuwa ne gajeru, sun yi rawaya don tsufa. Ido ɗaya Mu'azu ya yi wa wasan ya ga baƙon na shirin jera uku a layin gefe, ya kuma ga abin da zai tare shi. Nassirou ya ɗago. Fuskarsa sharkaf da hawaye, yana girgiza kai a hankali, leɓɓansa a matse.

Baki shi ke yanka wuya. Na Mu'azu ya riga hankalinsa.

“Haba Yaya, ja na kusa da kai mana, ka toshe masa!”

Nassirou ya faɗi da baya kamar an yanke igiyar da ta riƙe shi. Wani abu ya daki Mu'azu a bayan gwiwa, ya zube a daidai inda surukin nasa ya tashi. Simintin wurin yana da ɗumi, yana da danƙo.

“Wurinka ne,” in ji baƙon. Muryar ba ta fito daga rawanin ba. Daga cikin gurabun ta fito.

A lokacin ne Mu'azu ya ga hannun Nassirou na dama. Yatsun nan biyar duk sun karye, kowanne ya kalli inda ya ga dama, ƙashin ɗaya ya huda fata ya fito. Nassirou ya jawo jiki da gwiwar hannu har bakinsa ya zo kusa da kunnensa.

“Kowane ɗa, yatsa guda,” ya ce da raɗa. “In sunka rage biyu, wuya na.”

Mu'azu ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi, kamar da su aka kwaɓa simintin. Ya nemi addu'a a bakinsa, harshen nan da bai taɓa gajiya ba ya yi nauyi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba, har fitsari ya ɗan zubo masa. Ya ja murfin da ya faɗa da kansa, ya toshe layin gefe.

Ashe tarko ne. Baƙon ya tura ƙashi ɗaya ta tsakiya, uku suka jeru. Ya miƙo hannu ya ɗauke murfi guda.

Ƙaramin yatsan Mu'azu na dama ya lanƙwashe da kansa ta baya, a hankali, yana kallo. Ya kai inda yatsa ba ya kaiwa. Sai ƙas.

Ihun bai fito ba. Gumi ya shiga idonsa. Ya koma wasa da hagu, kuma Allah ya sa ya ga wata kafa. Ya jera uku. Ya ɗauke ƙashi guda, ƙashin ya yi sanyi kamar an ciro shi daga firij. Yatsan baƙon ma ya karye, ya ji ƙarar sarai. Baƙon ya kama yatsan ya tsinke shi, ya tura ƙarƙashin rawani, aka ji ana tauna. Daga cikin hannun rigar wani yatsan ya zamo ya cike gurbin, bayansa kuma akwai wasu suna motsi, suna jiran layi.

A nan Mu'azu ya gane ba cin wasa ake yi ba, yanka ne ake yi masa a hankali.

Baƙon ya hau doki. Haka 'yan dara ke kiran tsarin da ɗa guda ke kai da komo tsakanin layi biyu, duk motsi ci ne. Ya tura, ya ɗauke murfi.

Ƙas.

Mu'azu ya motsa nasa, bai ma san wanne ba. Baƙon ya jawo ɗan ya dawo da shi.

Ƙas.

Yatsu uku suna lilo. Murafu huɗu suka rage. Ci biyu, sai wuya. Duhu ya fara sauka, ba a jin komai sai numfashin Nassirou da ɗigar jini a kan siminti.

Sai ya ji taku a lungu, da ƙarar awarwaro.

Mouna ce. Ta ga bai dawo ba, ta san ya zauna, ta yafo mayafi ta biyo shi da faɗa a bakinta. Hasken tocilan wayarta ya faɗo ta kan kafaɗarsa, ya sauka a kan darar. Ba ta ga hannunsa ba, yana cinyarsa. Ba ta lura da yayanta ba, yana kwance a inuwar bango. Wasan ta gani, kuma duk gidansu ba wanda ya kai ta ido a dara.

Ya ji ta tsaya. Ya ji ta ja numfashi, irin wanda shi kansa yake ja in ya hango abin da mai wasa bai gani ba.

Rawanin ya juya wajenta, ya zame. Babu ido, babu hanci, babu baki. Gurabu ne jere a fuskar, layi-layi, kowanne baƙi ƙirin, kuma duk sun buɗe suna jira.

“Maigida, ai ga—”

Tun da ya aure ta ko tsawa bai taɓa yi mata ba. Ya juya da duk ƙarfin da yake kayar da sa, ya kai mata duka a baki da hannun da ya fi kusa, karyayyen. Ya ji haƙoranta sun ba da kai a bayan hannunsa. Wayar ta yi sama. Mouna ta faɗi kan kwanon tuwo, jini na bin haɓarta, tana kallonsa da idon da har ya mutu ba zai manta ba.

Gurabun fuskar suka dawo kansa.

“Taka ce,” aka ce.

Ya sa hannun hagu ya goga a kan darar don ya shafe ta. Siminti ne. Ya goga har fatar tafinsa ta saluɓe, gurabun suna nan, 'ya'yan ko motsi ba su yi ba.

Sai ya kife a kai da ƙirjinsa, ya rufe gurabun gaba ɗaya da jikinsa.

Haƙoran murafu suka shige namansa. Wani nauyi ya faɗo masa a baya. Yatsu ne, ba goma ba, ba ashirin ba, suna cusa kai ta ƙarƙashin haƙarƙarinsa suna neman ɗaga shi. Haƙarƙari ɗaya ya karye. Aka kama gashinsa aka buga goshinsa da siminti, aka sake bugawa. Ya ga wuta, ya ɗanɗani jini da ƙura. Bai ɗaga ba.

Mouna ta saki ihu. Babu kalma a cikinsa, bakin ba zai iya ba.

Lasifikar masallacin ƙetaren layi ta yi ƙara, ladan ya gyara murya, ya ɗaga kira. Wani ɗan okada ya karyo lungun da fitilar babur ɗinsa a kunne, bayansa mutane da butocin alwala a hannu suna gudu.

Nauyin ya ɗaga. Kafin ya tafi, wani sanyi ya taɓa kunnen Mu'azu.

“Ba a tashi wasa ba. Ita ta gani.”

Mutane suka tarar da su uku cikin jini, ba kowa a ɗaya gefen. Washegari aka zo da guduma aka farfasa daɓen, malamai suka yi abin da ya sawwaƙa. Nassirou ya koma Tawa da hannu ɗaya mai amfani, bai sake waiwayar Legas ba. Yatsun Mu'azu sun ɗinke a karkace, wuƙa ba ta zama a cikinsu, yanzu a tebur yake tsayawa yana awo wani na yanka. A unguwa aka yi ta cewa ya sha wani abu ne ya fasa wa matarsa baki. Bai musa ba, har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwarsa. Bakin nan nasa kuwa ya mutu, sai a yi hira a tashi bai ce uffan ba.

Mouna ta rasa haƙoran gaba biyu, kuma ba ta riƙe shi a zuci ba, don yayanta ya gaya mata komai kafin ya tafi. Sai dai wata rana tana ɗaure masa hannu ta ce da shi, a hankali, har yanzu tana ganin tafiyar. Ta ce ɗa guda ne, taki guda, da dokin ya karye. Ta ce abin yana zaune a kan harshenta kamar ƙaya, ko girki take yi, ko salla. Mu'azu ya durƙusa a gabanta, yana kuka kamar yaro, ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, ko shi, ko bango. Ta rantse, kuma ta cika alkawari, don mace ce mai riƙon magana.

Mai riƙon magana ce idan tana farke. Da damina ta kama, ta fara magana cikin barci. Kullum daga wuri ɗaya take farawa, da wannan jan numfashin, sannan “Maigida, ai ga…”

Shi ya sa Mu'azu yake yin barcinsa da rana, a ƙarƙashin teburin nama. Idan Mouna ta kwanta, sai ya zauna a gefen katifa ya jingina da bango, karkatattun yatsunsa a kan matashi, dab da bakinta.